Gandu Huɗu A Kwana Bakwai: Wa Za Mu Yaudara?



Duk shekara idan dogon hutun makarantu ya ƙarato, sai wani jadawali ya fara zagayawa a tsakaninmu: a haɗa kuɗi, a ɗauki shatar bas, a tashi cikin watan Agusta, a zaga gandun namun daji huɗu a kwana bakwai, wato Kamuku da Kainji da Yankari da Gashaka-Gumti, kowa ya dawo da littafin labarin tafiya a jakarsa. Galibi har da hoton mota a kan miƙaƙƙen titi, ga duwatsu masu ƙanƙara a bayanta. Mu da ke rubutu daga Matazu muna cewa wannan jadawali ba zai yiwu ba, kuma ko an matsa ya yiwu, babu littafin da zai fito daga cikinsa wanda mai karatu zai kai ƙarshensa. Muna son tafiyar nan kamar kowa. Shi ya sa muke jin haushin yadda ake kashe ta tun tana kan takarda.

Duk wanda ya dubi hoton nan ya san ba a hanyar Bakori aka ɗauke shi ba. Al'adar Amurkawa ce muka aro. Su ne suka keɓe gandun ƙasa na farko, Yellowstone, a 1872, kuma suna da dalilinsu na tafiya tsakanin Yuni da Agusta. Yawancin hanyoyin cikin wannan gandu a rufe suke ga motoci tun daga Nuwamba har cikin Afrilu saboda ƙanƙara. Idan ta narke, yaransu na hutu, kuma a ƙarshen Yuni hasken rana a can yakan wuce awa 15. Mutum zai tuƙa mota har ƙarfe takwas na yamma yana ganin gabansa. Sun dubi ƙasarsu, suka yanka wa kansu riga daidai wuyansu. Mu kuma muka ɗauko rigar muka zura ba gwaji.

Har kalmar ma mun rikita ta, kuma wannan laifin marubuta ne kai tsaye. Masu fassara sun saba mayar da sunan lokacin zafin Turawa zuwa “bazara”, mu kuma muna kwafa, har ka ga an rubuta “yawon bazara a watan Agusta”. Wace bazara a Agusta? Bazara ita ce wadda ke zuwa kafin ruwa ya sauka, lokacin sharar gona da kai taki, sa'ad da hadari ke haɗuwa a gabas ya watse ba ko ɗigo. Agusta kuwa tsakiyar damina ce, watan marka. Marubucin da bai bambance bazara da marka ba, ina zai iya ba mu labarin daji?

To, me Agusta take nufi a ƙasarmu? Daga Matazu zuwa Musawa, Malumfashi, Ƙafur, Bakori har Funtua, a watan nan ana zuba wa masara taki na biyu, ana huɗa, ana feshin auduga, wake na ƙasa yana son a duba shi. Da yawa daga cikinmu malaman makaranta ne ko ɗalibai, amma a nan kowa manomi ne, kuma hutun da ake gani kamar lokacin yawo, a gidajenmu lokacin da ake jiran ƙarin hannu ne a gona. Je ka ce wa Baba za ka bar masa feshi ka tafi kallon giwa mako guda, ka dawo ka faɗa mana amsar da ya ba ka. Ga kuma aljihu. A Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi na kan tsadarsa, ɗan abin da ke hannu ya tafi a taki da maganin feshi da kuɗin 'yan ƙwadago. A ce a wannan watan ne za a tara kuɗin shata da mai da masauki na mutum goma sha takwas, ai an zaɓi watan da ya fi kowane muni.

A ce ma gonar ba taka ba ce, kana da kuɗinka. Dabbobin fa? Su ma ba su san da jadawalinmu ba. Ɗauki Yankari, wanda girmansa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Da rani, idan tafkuna da kududdufan daji suka ƙafe, giwaye da ɓauna da gwanki da gwambaza dole su gangaro kwarin kogin Gaji su sha ruwa, kuma hanyoyin da ake zagayawa da baƙi nan suka bi. Ciyawa ta bushe, ido na kaiwa nesa. Shi ya sa masu zuwa kallo suke zaɓar ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Da damina ruwa na ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa inda kake, ta bazu cikin daji. Gamba ta fi mutum tsayi. Giwa za ta iya tsayawa taku talatin daga motarka ba ka sani ba. Abin da za ka samu tabbas shi ne gwaggon biri da gadu da ke yawo a sansanin Wikki, su kuwa ko ba ka neme su ba za su neme ka, musamman idan ka riƙe leda.

Gashaka-Gumti ya fi haka tsanani. Shi ne mafi girma a Nijeriya, fiye da murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa, ƙasar tsaunuka da rafuka, a can ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ruwan saman can ya ninka namu, kuma da damina rafukan kan cika su raba ka da cikin gandun. Ana shigarsa da rani, yawanci da ƙafa, da jagora, a kwana a daji. Wanda ya rubuta “Gashaka, rabin yini” a jadawali, Serti kawai zai gani, ya sha shayi a bakin titi ya juyo.

Yanzu mu zo ga lissafin hanya, inda abin ya fi ba mu dariya. Masu jadawalin sun buɗe Google Maps, ta ba su awoyi, suka tara, suka raba da bakwai. Google Maps ba ta sallar azahar. Ba ta san shingen jami'an tsaro ba, ba ta san layin gidan mai ba, ba ta taɓa tsayawa wurin mai faci ba, ba ta san kwalbatin da ruwan jiya ya tafi da shi ba, kuma ba ta taɓa jiran mutum goma sha takwas su gama cin abinci ba. Sannan ba ta san dokar da kowane direban tasha ya sani ba: a hanyoyinmu na yanzu ba a tafiyar dare, ba a kuma yin sammakon da ya wuce hankali. A nan yini bai fi awa 12 da 'yan mintuna ba. Ka tashi bayan gari ya waye sosai, ka shiga masauki kafin magariba, ka cire tsaye-tsaye, abin da zai rage maka na tuƙi na gaskiya bai wuce awa bakwai ko takwas ba.

Da wannan ma'auni a sake ƙirgawa. Rana ta farko, Matazu zuwa Funtua zuwa Birnin Gwari. Ta biyu, a bi ta Tegina a nufi Sabuwar Bussa, bakin Kainji. Daga can zuwa Bauchi an juya baya ke nan daga yamma zuwa gabas, a ratsa jihar Neja, a bi ta Kaduna ko Abuja, a hau Jos a gangara, kwana biyu ba ragi. Daga Yankari zuwa Serti sai an bi Gombe, Numan, Jalingo, Bali, wasu kwana biyun. Daga Serti zuwa gida, biyu kuma, idan mota ba ta yi gardama ba. Kwana takwas ke nan a cikin bas, a tafiyar da aka ce ta kwana bakwai ce, kuma har yanzu ba mu sa ƙafa a gandu ko ɗaya ba. Littafin da za a rubuta a kan wannan, sai dai a sa masa suna Bayan Kujerar Direba.

Akwai kuma maganar da jadawalin ya yi shiru a kanta, wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Gandun da ya fi kusa da mu shi ne Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999. Kowa a zauren nan ya san su waye suka daɗe da mayar da dazukan wannan yanki mafaka, ya kuma san abin da hanyar Funtua zuwa Birnin Gwari ta zama a shekarun nan. Kainji ma, wanda aka haɗa daga dazukan Borgu da Zugurma, an sha ba da rahoton masu ɗauke da makamai a cikinsa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da ƙarin gandun ƙasa guda 10, ciki har da dajin Kogo na jiharmu ta Katsina, da Falgore a Kano, da fadamun Haɗeja a Jigawa. A ƙarshen wannan shekarar dai, ranar 11 ga Disamba, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa da su daji. Ƙanƙara ba labarin rediyo ba ce a wurinmu, maƙwabta ne. A garuruwanmu idan aka ce “an shiga da shi daji”, ba wanda ke tunanin yawon buɗe ido.

Saboda haka wanda ya zauna ya jera Kamuku a rana ta farko, kamar yana jera shagunan kasuwa, ko dai bai san ƙasar ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai don jadawalinsa ya yi kyau a allon waya. Na biyun ya fi muni. Bas cike da matasa, da wayoyi da kyamarori, a kan hanyar da ba wanda ya tambayi halinta, wannan ba jarumta ba ce. Idan abu ya faru, Allah ya kiyaye, iyayenmu ne za su sayar da gona da shanun huɗa. An ce ana samun sauƙi a wasu wurare, ana sulhu a wasu, muna fata ya ɗore. Amma ba da “an ce” ake ɗaukar 'ya'yan mutane ba. Halin hanya ana tambayarsa ne a tasha, wurin direbobin da suka bi ta jiya da shekaranjiya, a cikin makon da za a tashi, kuma a tuntuɓi hukumar gandun kanta a ji ko tana karɓar baƙi. Wannan tambaya ita ma tana cin lokaci, kuma dole jadawali ya bar mata gurbi, har da gurbin fasawa.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce littafin tafiya yana son wurare da yawa, gandu ɗaya ba zai cika shafi ɗari ba. A nan ne muka fi saɓani da masu jadawalin, don sun ɗauka yawan tasha shi ne yawan labari. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasashenmu, ya shigo Katsina a farkon 1851, kuma tafiyarsa ta ɗauki shekara biyar. Abin da ya sa har yau masana tarihi ke buɗe littattafansa shi ne yakan zauna a gari ya ji harshen mutane, ya tambayi farashin kaya, ya rubuta sunan kowace bishiya da kowace unguwa. Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi shi har Ingila, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, aka rubuta, kuma yana cikin tsofaffin labaran tafiya da muke da su a harshenmu. Ba muna cewa kowa ya ɗauki shekara biyar ba. Muna cewa abin da ke zama rubutu shi ne abin da ido ya daɗe a kansa.

Gwada wannan a kanka. Kana iya bambance gwanki da kanki idan suka tsaya gabanka? Ka san mazo? Ka san marke da kirya da maje da taura a tsaye, ba a bakin mai magani ba? Yawancinmu mun gaji waɗannan sunaye a karin magana da tatsuniya, ba mu taɓa ganin masu sunan ba. Muna rubuta “daji mai duhuwa” da “namun jeji iri-iri” saboda ba mu da abin faɗa bayan haka. Maganin wannan shi ne ka fita da sassafe tare da ma'aikacin gandu, ka sake fita da la'asar, gobe ka maimaita, jibi ka maimaita. A fitar farko ba ka ganin komai sai murna. A ta uku ne za ka fara lura da sawu a ƙasa, da reshen da giwa ta karya, da yadda tsuntsaye ke sauya kuka, da cizon tsando da ba wanda ya taɓa sa shi a hoton talla. A dare na biyu ne ma'aikacin zai saki jiki ya ba ka labarin mafarauta da makiyaya, da ƙauyukan gefen gandu da giwaye ke shiga gonakinsu. Mu manoma ne, wannan labarin namu ne: ya mutum yake ji idan dabbar da baƙi ke biyan kuɗi su kalla ta tattake masa dawa a dare ɗaya? Mai rabin yini ba zai ji wannan ba, balle ya rubuta shi.

Za a kuma ce daji ya fi kyau da damina, ko'ina kore shar. Gaskiya ne, kuma wanda kore yake nema, ya fita bayan gari a Matazu cikin Agusta, kyauta ne.

Hujja ɗaya ce muke ganin tana da nauyi, ita ce ta malamai da ɗalibai da ke cewa dogon hutu kaɗai suke da shi. To amma akwai hutun ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu. Gajere ne, sai dai ya ishi gandu ɗaya, kuma ya faɗo daidai. An yi girbi, an kai masara da waken suya kasuwa, auduga ta shiga awo, hannu da ɗan maiƙo. Hanyoyin ƙasa sun bushe. Dabbobi sun fara gangarowa ruwa. Akwai sanyi da hazo, a ɗauki bargo. Maris da Afrilu sun fi yawan dabbobi a bakin kogi, amma zafin ba wasa, ga shi a shekarun nan azumi na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, don haka duk mai tsara tafiya ya ajiye kalandar Musulunci kusa da ta Bature.

Abin da muke kawowa a madadin jadawalin nan shi ne Yankari shi kaɗai, kwana shida. Yankari tsohon hannu ne wajen karɓar baƙi: an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Yana da masauki, yana da motocin zagayawa da jagorori. A tashi daga Matazu da safe a bi ta Kano, a kwana Bauchi, kada a yi gangancin ƙarasawa da dare. Washegari a ɗauki hanyar Gombe, a karya a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, kafin azahar an isa Wikki, don daga Bauchi bai fi kilomita 110 da wani abu ba. Kwana uku a ciki. Fita safe da yamma, tsakar rana kowa ya zauna da littafinsa ya rubuta abin da ya gani kafin ya huce, da dare a karanta wa juna a yi gyara. Akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwanta garai-garai, ɗuminsa na tsaye a kusan digiri 31 rani da damina. Akwai kogwannin Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyin Dukkey, shaidar cewa mutane sun zauna a wurin tun kafin a ce masa gandu, kuma tambayar su waye su da inda suka tafi ta ishi babi guda. Rana ta biyar a fito a kwana Bauchi ko Kano. Ta shida a iso gida da rana tsaka. Wanda ke da hali ya ƙara kwana ɗaya a aljihu, na taya da na abin da ba a zata ba.

Sauran gandun ba guduwa za su yi ba. Baɗi a nufi Dagona da fadamun Haɗeja da Nguru a cikin hunturu, lokacin da tsuntsayen Turai ke ƙetaro Sahara su sauka can tare da ɗinya da kirinjijiya. 'Yan uwanmu na Maraɗi su binciko mana halin Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga yankin Kure a 2018. Ita ma da lissafin iyaka da takardu da tsaro. Gashaka a bar shi sai an shirya masa kwana goma da ƙafafu masu ƙwari. Kamuku da Kogo kuwa, a yanzu rubutun da ya kamace su ba na yawon buɗe ido ba ne. A ƙauyukanmu akwai tsofaffin mafarauta da makiyaya da suka san waɗannan dazuka da Rugu tun suna da namun daji, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin ba ya bukatar bas, kuma shi kam ana iya yin sa a Agusta, ranar da marka ta hana zuwa gona.

Wani abu da masu jadawali ke mantawa: lokacin shiri ya fi lokacin tafiya tsawo. 'Yan uwanmu mata ba ƙaramin kaso ba ne a zauren nan, kuma ba za a ce musu ranar Laraba su shirya ranar Asabar ba. Akwai neman izini a gida, akwai wanda zai raka, akwai masauki daban, akwai yara. Jadawalin da bai ba wannan watanni ba ya riga ya cire su tun ba a tambaye su ba. Haka kuɗi. A fara adashe tun Satumba da an yanke gero, kowane wata a zuba, a naɗa mutum biyu su riƙe lissafi a fili, a kama masauki tun Nuwamba saboda ƙarshen Disamba lokacin cunkoso ne a Wikki. A nemi direban da ya taɓa bin hanyar Bauchi, a duba tayoyinsa da ido, ba a waya ba.

Masu jadawalin gandu huɗu, ga fili. Ku kawo mana lissafinku rana-rana: ƙarfe nawa za a tashi, a wane gari za a kwana, awa nawa za a yi a cikin kowane gandu, kuma wa aka tambaya halin hanyar Birnin Gwari a makon nan.